Guntun Ƙarfen Baba Injiniya

Akwai wata Asabar da na tabbata har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Na yi tuƙi sama da shekara talatin, na ga haɗari iri-iri, na kwana a daji mota ta lalace, duk waɗannan sun dushe. Amma wannan Asabar ɗin, da ko ƙwarzane ba wanda ya yi, ita ce take dawo mini duk lokacin da na ɗora ƙafa a kan birki. Kuma mafarin abin ba komai ba ne illa faifan ƙarfe guda biyu da ke bayan tayar gaba, waɗanda muke kira diskin birki.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ina tuƙa wani Alhaji mai kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake zuba buta da bokiti da kwanuka. Wanda bai ga Sharaɗa a wancan lokacin ba, ko na ba shi labari zai ce ƙari nake yi. Ƙarfe biyun rana jiniya za ta busa, masu aikin safe suna fita, na yamma suna shiga, kekuna har ba wurin taka ƙafa. Ga mutanen Panshekara da Ɗorayi, ga 'yan Jigawa, ga 'yan kudancin Kaduna da Filato, kowa da ƙullin abincinsa. A bakin get mai shinkafa da wake tana faɗa da mai ƙosai a kan inuwa. Warin narkakkiyar roba kuwa, da muke ta tsaki a kansa, wallahi yau da zan same shi da na tsaya na shaƙa har na ƙoshi.

Motar da nake ja jif ce baƙa mai fulogi takwas, irin wadda ake yo oda daga waje. Lokacin da Alhaji ya saye ta ba su fi a ƙirga da yatsu ba a Kano. In na ɗora ta a kan titin Kaduna sai dai in riƙa lallashinta, don ita gudu take so. Ina son motar nan, ba zan ɓoye ba, har matata tana cewa da za a ba ni zaɓi ba ta san wa zan ɗauka ba. Alhaji kuma mutum ne mai son ƙyalli. Saboda haka na ɗora wa kaina wata al'ada: ko daga ina muka dawo, ina sauke shi zan zarce famfon kamfani, in ja tiyo in feshe ta tas, musamman tayoyi. Ruwan yana sauka za ka ji cuuu, tururi ya tashi, ni kuwa ina jin daɗi wai ina sanyaya mata jiki.

Famfon nan yana daura da ɗakin gyara na kamfanin, kuma mai ɗakin shi ne wani dattijo Kirista daga kudancin Kaduna da kowa ke kira Baba Injiniya. A kamfani haka ake yi, kowa da sunan aikinsa; ni Direba, wancan Maigadi, shi Injiniya. Yana da wani tsohon inji da ke juya ƙarfe yana fere shi, da shi yake gyara duk abin da ya karye a masana'antar. Gajere ne, mai furfura, da tabarau ɗaure da zare. Da Kirsimeti yakan kawo mana shinkafa a babbar kula, da Babbar Salla ni nake kai masa cinya har ɗakinsa a Panshekara. Duk sanda ya gan ni da tiyo sai ya leƙo ya ce, "Direba, ka bari ta huce mana." Ni kuma in ce, "Baba, ku ji da injinku, ku bar ni da amaryata." Sai ya yi dariya ya ce, "To ango. Amma kafin in bar Kano sai ka ɗauke ni a cikinta, kuma a baya zan zauna, kujerar Alhaji." Shekara da shekaru muna wannan wasan.

Sannu a hankali abubuwa suka fara lalacewa. Wuta ta zama sai an ga dama, dizal ya yi tsada, ga kayan roba na waje sun cika kasuwa a kan kuɗin da bai kai na ɗanyen kayanmu ba. Aka soke aikin yamma, jiniya ta koma sau ɗaya a rana, daga baya ta yi shiru gaba ɗaya. Maƙwabtanmu na hagu da dama suka sa kwaɗo. Ƙarshe Alhaji ya tara ma'aikata ya ce Asabar ta ƙarshen wata za a rufe, ya sallami kowa. Ni kaɗai na tsira, saboda ni direban gida ne, muddin akwai mota akwai ni.

To a cikin wannan watan ne motar ta fara ciwo. In na taka birki a kan gudu sai sitiyari ya ɗauki karkarwa, birkin yana harbin tafin ƙafata. Bakanike ya cire tayoyi ya duba ya ce diskin gaba duka biyu sun karkace. Aka buga waya Legas aka tambayi sababbi. Da aka faɗi kuɗin sai da Alhaji ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Ranar Litinin ce, ba na mantawa. Ya buɗe aljihun tebur ya ƙirgo abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba, ya miƙo mini ya ce, "Wannan shi ne abin da zan iya. Ranar Asabar dillali zai zo gida. In ta gyaru, na fasa sayar da ita. In ba ta gyaru ba, a haka zai tafi da ita, kuma ka san ba ni da wata motar da zan ba ka." Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Ban damu sosai ba da farko, domin na san abin da kowa ke yi. In diski ya karkace sai a kai wa masu inji su fere fuskarsa ta daidaita, a mayar, a ci gaba da tafiya. Dama an taɓa yi wa waɗannan sau ɗaya a gari. Na kinkimo su na dire a gaban Baba Injiniya. Kayansa na aiki rabi sun riga sun shiga akwati, iyalinsa ma sun yi gaba tun makon da ya wuce. Ya goge tabarau, ya ɗauko ɗan ma'auninsa, ya gwada nan, ya gwada can. Sannan ya ce, "Ba zan taɓa su ba."

Na ce, "Baba, wasa kuke yi?"

Ya ce, "An riga an ci naman, saura ƙashi. In na ƙara ferewa za su yi sumul, Alhaji zai ji daɗi, kai ma za ka ji daɗi. Wata rana kana gangara da gudu za ka taka, su tsage. Motar nan nauyinta ya kai na ƙaramar tifa. Ni ba zan je gida in kwanta da wannan a raina ba." Ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Kuma ruwan nan naka ne ya kashe su. Ƙarfe ya yi ja da zafi ka watsa masa ruwan sanyi, dole ya murɗe. Na sha gaya maka."

Ni mutum ne mai saurin fushi, har yau ban gama warkewa ba. Maimakon in ji kunya sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ai dama ku kun riga kun ɗaure kayanku, me ya dame ku da wanda zai rasa abincin 'ya'yansa?" Kai, harshe! Dattijon da shi ma aikin nasa ya ƙare, shi nake gaya wa haka. Shi kuwa ya mayar da ma'auninsa cikin kube.

Ban rufe baki ba sai ga Alhaji ya biyo ta wurin zai shiga ofis. Ya ga faifan a ƙasa ya tsaya ya ce, "Injiniya, me ke kashe ƙarfe irin wannan a motar da ba ta tsufa ba?" Kalma ɗaya daga bakin Baba ta isa, ko Asabar ba zan kai ba. Baba ya ɗago ya ce, "Alhaji, ƙarfe ne, zafi da sanyi suna gajiyar da shi. Hanyoyinmu kuma kun san su." Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ni ba. Alhaji ya girgiza kai ya wuce. Ni kuwa girman kai ya hana ni ko kallonsa, na kwashi ƙarafana na fita.

Washegari da safe Maigadi, wani mutumin Nijar mai rawani, ya tare ni ya miƙo mini wani guntun ƙarfe falle, tsawonsa kamar kamu ɗaya, da tsaga biyu a jikinsa. Ya ce Baba ne ya ce a ba ni, kuma in leƙa in ji bayani. Na leƙa ina noƙe-noƙe. Ya yi mini magana kamar jiya ba a yi komai ba. Ya ce, "Ka daina neman sunan motarka, sunan ne ke da tsada. Ƙarfe kake nema. Tsawon wannan shi ne faɗin diskin. Tsaga ta farko kaurinsa ce, dole ya cika ta dam, in ya yi lako-lako ka bar shi ko kyauta ne. Ta biyu zurfinsa. In ka samu wanda ya dace da ukun nan, ko na wace mota ne, kawo mini. Hudojin noti aikina ne."

Kwana huɗu na yi ina yawo da guntun ƙarfen nan a hannun riga. Na shiga Ƙofar Ruwa layi-layi, na shiga Sabon Gari, acaɓa ya kai ni har wani garejin a Chalawa da aka ce an taɓa ganin irin motar ta yi haɗari. In ka ambaci sunan motar sai mai shago ya yi murmushi ya ce sai dai a yi maka oda. Sau ɗaya na samu na hannu, irin da muke cewa Baljiyam, guda biyu, suna ƙyalli, kuɗin ma ya yi daidai da abin da ke aljihuna. Har na fara hamdala. Na zura tsagar sai na ji suna rawa a ciki. Wallahi na tsaya na fi minti goma ina gaya wa kaina ai ɗan kaɗan ne, wa zai sani? Mai shagon ya karɓi ƙarfen ya jujjuya ya ce, "Malam, wanda ya yanka maka wannan yana son ka da rai." Shi ne ma ya ce in gwada Bompai, wai akwai wani kamfani da ya rufe ana gwanjon abin da ya rage a sitonsu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na isa. Wani ƙaton sito ne, gizo-gizo ko'ina, tsohon ma'ajin kamfanin yana zaune a kan benci yana gyangyaɗi. Da suna da motocin rarraba kaya da yawa, an sayar da motocin an bar kayan gyaransu. A can ƙasan kanta na ga kwalaye, na buɗe, sababbin diski ne ful, ko man da aka shafa musu bai bushe ba. Na ɗora ƙarfen Baba: faɗi daidai. Na zura tsaga ta farko, ta kama dam. Ta biyu ma haka. Hudojinsu shida ne, namu biyar, amma wannan an ce ba aikina ba ne. Na biya har da ragowar canji, na rungume su a kan acaɓa kamar jarirai, sai Sharaɗa.

Baba ya gwada ya ce, "Yauwa, ango ya yi ƙoƙari." Sai dai babu wuta, janareto kuma an riga an tsiyaye mansa. Shi kuwa motar safe ta Asabar ya yi niyyar bi. Sai ya ce akwai wata da ke tashi bayan la'asar, zai bi waccan. Na ce, "Baba, in dai kuka yi mini wannan, ni zan kai ku tasha da kayanku, a cikin motar nan, a kujerar Alhaji." Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Maigadi, ka zama shaida."

Asabar tun da sassafe muna wurin, ni da shi da bakanike. Kamfanin ya yi tsit, ba kowa sai tantabaru a cikin rufi. Kayansa suna jingine a lungu: katifa a naɗe, jaka biyu, da akwatin ƙarfe. Muka zauna jiran wuta. Ya ba ni labarin yadda ya zo Kano yana saurayi da wando ɗaya, ya ce garin nan ya ba shi mata da 'ya'ya da sana'a, ba shi da abin cewa sai godiya, amma bai san yadda zai iya barci ba tare da ƙarar inji ba. A nan ya kamata in ce masa ya yafe mini maganar ranar Litinin. Ta zo har bakina, na ce a raina bari sai muna cikin mota, ya fi daɗi.

Wajen sha ɗaya ƙwan fitila ya kawo. Dattijon nan ya miƙe kamar yaro. Ya ɗaura faifan a inji, ya faɗaɗa ramin tsakiya, ya auna, ya ƙara, ya auna. Ya toshe kunnensa da maganata ta "Baba ku yi sauri kada su ɗauke". Ya zana hudoji biyar, ya huda su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Yana gama na biyun, ko minti biyar ba a yi ba, wuta ta tafi. Ya shafa jikin injin da tafin hannu ya ce, "Shi ke nan, tsohuwa, mun gama." Bakanike ya ɗaura, suka zauna kamar a can aka ƙera su. Na miƙa wa Baba ragowar canjin nan, ya ture hannuna ya ce in saya wa ƙaramar madara. Ya ce, "Je ka gwada ta, ni bari in watsa ruwa in sa riga."

Na fita na hau titin Panshekara, na ba ta wuta, na taka. Lafiya lau, ko motsi sitiyari bai yi ba. Ina cikin murna wayar da Alhaji ya ba ni ta yi ƙara. Ya ce dillali ya zo, in kawo motar yanzu-yanzu. Na duba agogo, ƙarfe ɗaya da rabi, na ce ai da lokaci. Na isa gida, Alhaji ya shiga, muka zaga, na taka masa birki sau uku. Ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ya leƙa ta taga ya ce wa dillali a yi haƙuri, an fasa. Sannan ya gyara zama ya ce, "Tunda ta warke, mu je Wudil, akwai ta'aziyyar da nake ta ɗagawa."

Jama'a, magana ɗaya ce. "Alhaji, na yi wa Baba Injiniya alkawarin kai shi tasha, shi ya yi aikin nan." Alhaji ba mugu ba ne, na tabbata da cewa zai yi mu biya mu ɗauke shi. Amma ni da aikina ya dawo hannuna minti biyar da suka wuce, tsoro bai gama sakina ba. Na ji kamar in na buɗe baki abin zai suɓuce. Na ce, "To, ranka ya daɗe," na juya kan mota. Baba ba shi da waya, ta kamfani kuma an yanke. Duk tsawon hanya ina lissafin za mu dawo da wuri. A Wudil aka yi la'asar, aka kawo abinci, aka zauna hira.

Rana ta yi ja sosai lokacin da na tsaya a bakin get. A kan benci ba kowa sai Maigadi. Tun kafin in fito ya ce, "Ya tafi." Ya ce Baba ya yi wanka ya sa fararen kayansa na zuwa coci, har da hula, ya ce yau zai zauna a kujerar Alhaji. Ya fito da kayansa bakin get ya zauna, duk motar da ta shawo kwana sai ya miƙe. Da aka kira la'asar ya tari acaɓa biyu, ɗaya kaya, ɗaya shi. Na ce, "Ya yi fushi ko?" Maigadi ya ce, "Ko kaɗan. Ya ce in gaya maka ya san aikin direba, ba laifinka ba ne. Ya ce kwana uku ka riƙa taka birki a hankali har su zauna. Kuma don Allah ka riƙa bari ta huce kafin ka wanke."

Na zauna a kan bencin nan na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Daga nan na garzaya tasha, motarsu ta daɗe da tashi. Washegari na je Panshekara, mai gidan da yake haya ya ce shi dai ya san wajen Kafanchan ne. Sai a lokacin na gane cewa shekara goma sha ɗaya ina cin shinkafar mutumin nan ban taɓa tambayarsa sunan ƙauyensu ba. Bayan wasu shekaru aiki ya bi da ni ta yankin, na tsaya a garuruwa uku ina tambaya. Baba Injiniya ba wanda ya sani, don sunan Sharaɗa ne. Sunansa na gaskiya kuwa, rabin dattawan wurin sunansu ke nan.

Motar ta ƙara shekara uku a hannuna, birkinta bai sake ko tari ba, kuma da ita na ciyar da yaran nan har Allah ya buɗa mini wata hanyar. Kamfanin yanzu sito ne, an toshe famfon. Guntun ƙarfen yana rataye a ƙusa a ɗakina, jikokina sun ɗauka na buɗe kwalba ne. In yana raye yanzu ya tsufa tukuf. Ina so a ce zan gan shi ko sau ɗaya, in buɗe masa ƙofar baya, ko da ta wannan tsohuwar motar tawa ce.

Abin da na koya shi ne, godiya da neman gafara ba a ajiye su sai an shiga mota. In mutum ya yi maka alheri yana tsaye a gabanka, ka faɗa masa a nan take, ka tambaye shi garinsu, kuma kada tsoron maigida ya haɗiye maka alkawari. Har yau in na dawo daga tafiya nakan zauna in jira mota ta huce kafin in taɓa ruwa, kuma duk tsawon jiran nan shi nake tunawa, da fararen kayansa, a bakin get.